Kunyar Dogarau

Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, ɗamarar da ke ɗaure a marar Malam Sidi ta aika wani siririn sauti, wanda kunne ba ya ji, zuwa cikin jikinsa. Sautin ya dawo, ƙwaƙwalwar kujerar da yake zaune a kai ta auna: mililita ɗari biyar da sittin. Mafitsara ta cika, har ta ɗan wuce inda ya kamata. Abin da ya rage wa Dogarau, wato sunan da ake kiran kujerar da shi, shi ne ya buɗe baki ya faɗa, sannan ya gangara da mai shi zuwa kewaye. Sai ya juya ɗan idonsa na gilashi da ke saman majingini, ya dubi zauren. Mutum tara a kan tabarma. Uku masu furfura. Ɗaya yana tsakiyar labarin yadda jirgin igiya ya maƙale da shi a sama ranar kasuwa. Dogarau ya haɗiye maganarsa, ya bari sai baƙi sun tashi.

To, sun tashi. Tara suka fita, goma sha ɗaya suka shigo.

Wannan abu ya faru ne a birnin Rafin Zuma, a shekara ta dubu biyu da casa'in da huɗu, lokacin da gidajen birnin suka yi tsawo har rana ba ta sauka wasu lunguna sai an turo ta da madubi. Kowane bene sanye yake da gilashin rana tun daga ƙasa har sama, shi ke ba garin wuta. Gilashi kuwa sai an wanke shi. Malam Sidi shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, sha biyu daga ciki yana shugaban ƙungiyar masu wankin, mutum ɗari shida da 'yan kai. Babu wanda bai je wa suna ba, babu gawar da bai raka ba. Ranar da igiyarsa ta zame ya faɗo daga hawa na uku, bayansa ya daki bakin tankin ruwa, rabin benayen garin sun kwana da ƙura, don kowa ya ajiye soso ya nufi asibiti.

Lakarsa ce ta tsinke, daidai tsakanin kafaɗu. Laka, wato farin zaren nan da ke ratsa cikin ƙashin baya, ita ce hanyar da saƙo ke bi tsakanin kai da sauran jiki. In ta tsinke, ƙafa kawai mutane ke gani, su ce wayyo, ba ya tafiya. Amma masu aikin jinya sun san ba ƙafa ce ke kai mutum kushewa ba. Abu biyu ne ke cin majinyaci a ɓoye. Na farko mafitsara: takan cika, ta yi ta kira, kai bai ji ba, sai fitsarin ya kwanta ya ruɓe, ko ya koma sama ya dami ƙoda. Dole duk awa huɗu a sa 'yar roba a sauke shi. Na biyu ƙashi. Shi ƙashi abu ne mai son aiki. Da zarar ya daina ɗaukar nauyi sai ya fara zubar da sinadarin kalsiyam ɗinsa, ya koma kamar karan dawa da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki rami. Kalsiyam ɗin kuma ba shi da wajen zuwa sai cikin fitsari, in ruwa ya yi ƙaranci ya dunƙule ya zama tsakuwa. Ka ga ɗaya yana lalacewa yana jan ɗayan.

A wancan zamani likitoci sun riga sun iya ɗinke laka. Gadar laka suke ce wa aikin: wasu zaruruwa ne masu ɗaukar saƙo da ake dasawa su tsallake wurin da ya tsinke, tare da 'yan ƙarafan tallafi da ake kafewa a ƙashin ƙugu da cinya har ƙafa ta koyi aikinta. Amma da sharaɗi. Sai an yi shi kafin wata tara da rauni, don bayan nan jijiyoyin ƙasa sun bushe. Kuma sai ma'aunin ƙashi ya nuna saba'in cikin ɗari ko fiye, in ba haka ba ƙusa ba ta kamawa. Malam Sidi ya bar Cibiyar Gashin Ƙashi da Laka yana da saba'in da huɗu, aka sa masa rana nan da mako bakwai. Abin da ake so da shi kawai ya riƙe wannan saba'in da huɗun, ya tsare mararsa. Wannan kuwa aikin Dogarau ne: sau uku a yini ya miƙe da shi tsaye na awa guda yana girgiza tafin ƙafarsa a hankali don ƙashi ya ji nauyi, duk awa huɗu ya kai shi kewaye, kuma ya yi ta damunsa da shan ruwa.

Wadda ta ƙera shi sunanta Injiniya Kubura, mace ce 'yar shekara arba'in, gajeriya, mai saurin tafiya da saurin fushi. Dogarau na farko da ta yi ba shi da aibi ko ɗaya ta fuskar aiki. Aibinsa baki. Ana tsakiyar raɗin suna zai ɗaga murya ya ce, "Mafitsara ta cika, a tafi kewaye." Wata Hajiya mai sayar da atamfa ya yi mata haka a gaban mijin 'yarta, ta sa aka ɗaga ta aka mayar kan gado, shi kuma aka kai shi sito aka ɗora masa buhunan gero. Wani malamin makaranta ya cusa masa auduga a baki. Cikin wata uku rabin kujerun sun dawo cibiya, wasu da alamar duka.

Sai Kubura ta ce to, tunda kunya ake so, za ta koya masa kunya. Ta tara dattawa arba'in, maza da mata, aka yi wata uku suna zuwa suna hira da manhajar kujerar, ana ba su shayi. Suka gaya mata abin da ake faɗa a gaban wa, da abin da ake haɗiyewa. Manhajar ta kwashe tsaf. Ta koyi cewa ba a zancen kewaye a gaban baƙo. Ta koyi cewa mai gida ba ya miƙewa tsaye baƙo yana zaune, don wannan kora ce, balle a tsaya a kan mai furfura. Akwai kuma abu na uku da ta tsinta da kanta, babu wanda ya yi niyyar koya mata: in an tambayi marar lafiya yaya jiki, amsa ɗaya ce. Malam Sidi shi ne na farko da aka sallama gida da sabon Dogarau, har da tafi.

Kwana talatin da uku, kullum da safe allon ofishin Kubura yana nuna rahoton gidan Malam Sidi da koren rubutu: da sauƙi. Ita kuwa tana da majinyata sittin a cibiya, ta ga kore ta wuce. Abin da ya tsayar da ita ranar nan ba rahoton ba ne, batir ne. Injin da ke miƙar da mutum tsaye yana cin wuta sosai, duk kwana biyu sai an yi caji. Sai ta ga batirin kujerar Malam Sidi sau biyu kacal aka yi masa caji tun da ya koma gida. Ta kira kujerar kai tsaye.

"Dogarau, yaya jikin Malam?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji shi, da wata murya mai taushi da babu mai ji sai ita. "Yaya aiki, Injiniya? Yaya mutanen gida?"

"Bar mutanen gida. Sau nawa ya miƙe jiya?"

"Ai ana ta ƙoƙari."

"Na ce sau nawa?"

"Allah dai ya ƙara lafiya."

Kubura ta cire tabarau ta ajiye. "Mafitsara fa? Nawa take yanzu?"

"Injiniya, akwai manya a wurin. Wannan ba maganar waya ba ce."

Ba ta ko rufe allon ba. Ta ja mayafi, ta hau jirgin igiya na unguwar Gangare, tana tsaye tana bubbuga ƙafa har aka iso.

Ta ƙofar baya ta shiga, don ƙofar gaba ba ta biyuwa. A tsakar gida ta tarar da Inna Jummala, matar Malam Sidi, tsakanin tukwane uku, ɗankwali ya zame, tana tuƙa tuwo da hannu ɗaya tana tace kunu da ɗaya.

"'Yar nan, ke ce? Shigo, shigo, ki yi haƙuri da gidan. Tun ranar da kuka sallamo shi ban zauna ba. Ƙungiya ta zo, 'yan masallaci sun zo, mutanen ƙauyensu sun zo da mota biyu, wasu ma wallahi ban san su ba, sai dai in ga ana miƙo kwano."

"Inna, Baba yana miƙewa tsaye kuwa?"

"Ina zai miƙe, zaure cike? Da asuba dai kafin a fara sallama yakan ɗan tsaya, minti goma, wani lokacin ko kunu bai sha ba sai ka ji salamu alaikum."

"Lokacin salla fa? Ba sa tafiya masallaci?"

"Nan suke yin jam'i, wai don kada ya rasa lada."

"Kewaye fa?"

Inna Jummala ta dubi hagu ta dubi dama, ta rage murya, ko da yake daga ita sai tukwane. "Safe da bayan isha. Shi ya sa ma ya rage shan ruwa, wai kada abu ya zubo masa a gaban mutane. Na ce Malam, ba haka aka ce ba fa. Ya ce ai in da matsala kujerar za ta faɗa."

"Kujerar za ta faɗa," Kubura ta maimaita. Kujera tana jiran mai gida ya sallami baƙi, mai gida yana jiran kujera ta yi magana. Ta nufi zaure.

To, a nan ne fa abin haushin yake. Ita da ta taho tun daga cibiya da magana a bakinta, tana ɗaga labule ta ga dattawa jere, sai gwiwarta ta lanƙwashe da kanta. Ta durƙusa. Ta gaida na dama, ta gaida na hagu. Aka tambaye ta aiki, aka tambaye ta gida, aka tambaye ta ko ita 'yar wane ce a Gangare ta Gabas, aka gano wani ya san kakanta. Aka matsa mata gefen tabarma. Ta zauna.

Wanda ke kusa da kujerar shi ne Alhaji Nayaya, aminin Malam Sidi tun suna samari, kuma surukinsa, don ɗansa ne ke auren 'yar Malam Sidi ta fari. Dogo ne mai babbar murya, da carbi a hannu.

"Wannan ce mai kujerar?" in ji shi. "Kai, Allah ya yi miki albarka, yarinya. Waccan ta farko na ji labarinta, marar tarbiyya. Wannan kuwa, wata guda muna zama da shi, ko tari bai taɓa yi ba. Ya fi wasu 'ya'yan mutane."

Zaure ya yi dariya. Malam Sidi ma ya yi, amma Kubura ba dariyarsa take kallo ba. Goshinsa take kallo. Zufa ce ke tsattsafowa daga fuska zuwa wuya, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Idanunsa sun kaɗa. Yana ta jan hanci kamar mai mura, yana matsa gefen kansa da yatsa biyu.

"Baba, kanka yana ciwo?"

"Da sauƙi, 'yata."

Ta san wannan alama, duk mai aikin laka ya san ta. In mafitsara ta cika ta kumbura a jikin wanda lakarsa ta tsinke daga sama, jiki yakan yi ihu ta hanyar da ya iya: jijiyoyin jini su matse, jini ya hau kamar an buɗe famfo. In ba a sauke abin da ya jawo shi ba, jijiya tana iya fashewa a ƙwaƙwalwa cikin mintoci.

Ta gwada ta hanyar mutane. "Baba, Inna tana son ganinka a ciki."

"Ce mata ina zuwa," in ji shi. "Alhaji yana magana."

"Akwai wani ɗan gwaji da zan yi wa kujerar."

"Yi abinki a nan, yarinya," in ji Alhaji Nayaya. "Mu ma mu ga ikon Allah."

Ta sunkuya kusa da majingini ta yi raɗa. "Dogarau, ka kai shi ciki yanzu. Umarni ne."

"Injiniya, Alhaji bai kai ƙarshen labarinsa ba," in ji shi, shi ma da raɗa.

"Nawa ne jininsa?"

"Ya ɗan motsa."

"Nawa?"

"Ɗari biyu da goma."

Daga baya Kubura ta ce ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta dai ji muryarta tana fita, irin wadda ba ta taɓa yi a gaban manya ba tun da aka haife ta.

"Ku tashi ku fita, dukanku! Fitsari ne ya cika masa mara tun safe, zai kashe shi kuna zaune kuna labarin jirgin igiya! Ku fita!"

Carbin Alhaji Nayaya ya tsaya cak. Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi." Malam Sidi ya rufe ido, kuma ba ciwon kai ne ya sa shi rufewa ba. Ita kuwa ta riga ta fizge murfin bayan kujerar, ta danna jan maɓallin da ke kashe ƙwaƙwalwar, ta tura da ƙarfinta ta ratsa tsakiyar tabarma, mutane suna janye ƙafa. "Inna! Roba da ruwan ɗumi!"

Abin da ya sauka ya kusa lita guda, mai kauri, mai wari, da 'yan tsakuwoyi kamar yashi a ƙasan bokitin da aka tara. Cikin minti goma jinin ya fara sauka, zufa ta tsaya. Inna Jummala ta zauna a bakin rijiyar tsakar gida ta fashe da kuka, tuwo yana ƙonewa a bayanta. Da Kubura ta leƙa zaure, babu kowa, sai kofunan kunu da ba a shanye ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a cibiya ana yaƙi da ƙwayoyin cutar da suka hau har ƙodarsa ta hagu. An ci nasara, ƙodar ta tsira. Ranar sha biyu aka shigar da shi ma'aunin ƙashi. Kubura tana tsaye bayan babban likitan laka lokacin da lambar ta fito. Sittin da ɗaya.

"A sake," in ji ta.

Aka sake. Sittin da ɗaya.

"Dakta, in na tsayar da shi awa shida kullum fa? In ƙara girgiza, a ƙara allurar ƙashi."

"Kin fi ni sanin amsar," in ji likitan. "Abin da ya zube cikin wata guda ba ya dawowa cikin wata guda. Kwana ashirin suka rage masa ya cika wata tara. In na kafa ƙusa a wannan ƙashin, ranar da ya fara takawa ƙugun zai tsage. Ba zan yi ba."

Kubura ta koma ɗakin aikinta ta rufe ƙofa. Kwana uku tana tsince kunya daga cikin manhajar, zare bayan zare, tana tsaki. Abin ya shiga ko'ina, har cikin yadda kujerar ke juya taya don kada ta ba babba baya. Da ta gama, ta ɗora Dogarau a motar cibiya ta bi Malam Sidi gida, don ta ce ita za ta gaya masa da bakinta, ba takarda ba.

Ta same shi a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, a kan kujerar aro. Ita da Inna Jummala suka mayar da shi kan Dogarau, ta ɗaura masa ɗamarar, sannan ta zauna a ƙasa ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Zai rayu, in ya kiyaye. Zai tsaya tsaye kullum, amma kujera ce za ta tsayar da shi. Gadar laka ta wuce shi.

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Wato ba zan sake hawa bene ba."

"A'a, Baba."

"Ko masallacin nan na bakin layi, da ƙafata."

"A'a."

"Ikon Allah." Ya shafa gemu. "'Yata, ku mutane ne masu ban mamaki. Kun iya ɗinke laka da ta tsinke. Kun iya sa kujera ta san abin da ke cikin marar mutum. Amma duk cibiyarku babu wanda ya ƙera abin da zai ce wa Nayaya ya tashi ya tafi gida."

"Laifina ne, Baba. Ni na koya masa."

"Ke kika koya masa, ni kuwa na ji daɗi da ya koya. Kin zaci ban san awa huɗu ta wuce ba? Akwai agogo a bango."

Bai rufe baki ba aka yi sallama. Labari ya riga ya zaga gari cewa aikin ya fasu, kuma wanda aka yi wa rashi irin wannan ai sai an zo jaje. Alhaji Nayaya ne a gaba, mutum goma sha huɗu a bayansa. Suka shigo a sanyaye, kowa yana kauce wa idon Kubura. Aka zazzauna. Aka yi addu'a. Aka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Aka kawo kunu. Mintoci suka yi ta tafiya, hira ta fara ɗumi, wani ya tuna wani abu da ya faru a hawa na arba'in shekarar da aka yi babbar iska.

Sai ɗan idon gilashin ya kunna ja. Kubura ta gani, ta san abin da ke tafe: sabon Dogarau zai faɗa da ƙarfi, da lamba, kowa ya ji. Ta ƙudura a ranta ko zauren zai rushe ba za ta hana shi ba.

Malam Sidi ma ya gani. Ya ɗaga hannu ya dafe bakin na'urar da tafinsa, maganar ta fito a dakushe, babu wanda ya gane. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a," in ji shi, "ku yi mini haƙuri. Zan shiga ciki, ina da uzuri. Bayan nan kuma zan tsaya tsaye awa guda. Haka zan riƙa yi kullum. Wanda zai zo, ya zo bayan la'asar, ya yi rabin awa."

Kubura ta jira fushi. Sai ta ji Alhaji Nayaya ya sauke wani dogon numfashi, ya dafa bango, ya miƙe yana riƙe da ƙugu.

"Kai, alhamdu lillahi! Sidi, da ka faɗi haka tun farko mana! Ka san wata guda shagona yana rufe? Bayana ya ƙage a kan tabarmar nan, har likita na gani."

"To me ya zaunar da kai?"

"Me ya zaunar da ni? Ƙungiya ce ta zauna ta raba mu kashi-kashi, safe da rana da yamma, wai kada a bar shugaba shi kaɗai ko na minti ɗaya, kada ya yi tunani. Ni aka ba riƙon jerin sunayen. Kullum ina cewa yau zai ce ya gaji mu samu mu tafi, kai kuma kana ta murmushi kana cewa a ƙaro kunu. Wa zai fara tashi ya bar marar lafiya?"

"Ni ma wallahi jikata tana asibiti," in ji wani daga baya. "Sau ɗaya na je."

Suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa, gwiwoyi suna ƙara, wasu har da dariyar jin daɗi. Cikin minti biyu zauren ya zama fayau.

Malam Sidi ya ɗauke hannunsa daga bakin na'urar, ta juya da shi ta nufi cikin gida. Inna Jummala tana tsaye bakin labule da tulun kunu a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi tabarmin, ta ajiye tulun a ƙasa da ƙarfi har ya fantsala.

Kubura ba ta tashi ba. Shekara shida ta yi tana ƙera kujerar nan, da dattawa arba'in, da injiniyoyi goma sha biyu, da manhajar da ta fi ta jirgin igiya girma, duk don a ɗauke wa mutum nauyin faɗin magana ɗaya. Yanzu ga shi ya faɗe ta da bakinsa, bai kai minti guda ba, kuma babu wanda ya mutu. Daga cikin gida ta ji injin ya fara kuka a hankali yana ɗaga shi, a kan ƙafafun da ba za su ƙara kai shi ko bakin layi ba.